Gajiyar Ƙarfe a Mahaɗar Bututu



Mas'alar da aka nemi in yi bahasi a kanta yau, ko da yake a zahiri ta keɓanta ga injiniyoyin da ke kafa dandamalin haƙo mai a tsakiyar teku, a haƙiƙa ta shafi duk wanda ya taɓa haɗa bututun ƙarfe biyu da walda ya ɗora musu kaya. Watau dalilin da ya sa ƙarfen da aka gwada aka tabbatar zai iya ɗaukar ninkin abin da aka aza masa yakan wayi gari wata rana ya karye a ƙarƙashin nauyin da ya shekara ashirin yana ɗauka bai ko gezau ba, da kuma dalilin da ya sa, in karyewar ta zo, galibi a mahaɗa take zuwa, a daidai leɓen walda, alhali tsakiyar bututun na nan lafiya lau.

Wannan ilmi a hanyar jirgin ƙasa ya bunƙasa, tun kafin kowa ya yi tunanin tono mai a cikin ruwa. Ran 8 ga watan Mayu na 1842, wani jirgi da ya taso daga Versailles zuwa Paris cike da masu komowa daga biki, sandar da ke haɗa ƙafafun kansa na gaba ta karye a kusa da Meudon, taragai suka hau juna, wuta ta kama, mutum fiye da 50 suka halaka. Da yake kuwa sandar ba ta ɗauki wani kaya a ranar da ya fi na jiya ba, sai masana suka shiga saɓani, da yawansu suna riya cewa girgiza ce ke canja ɗabi'ar ƙarfe ta sa masa gautsi. Shekara guda bayan haka wani saurayi ɗan Sikotlan, Rankine, bayan ya duba karyayyun sanduna da idon basira, ya nuna cewa tsaga takan fara ne daga kafaɗar sanda, inda kauri ya canja farat ɗaya aka bar kusurwa mai kaifi, ta yi ta ci a hankali har abin da ya rage ya kasa. Amma wanda ya mai da al'amarin ilmi mai ƙa'ida shi ne August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, wanda ya ƙera na'urorin da ke juya sanda suna lanƙwasa ta sau dubbai da miliyoyi, ya yi ta tajriba shekara da shekaru har zuwa 1870, ya fito da hukuncin da har yau a kansa ake tafiya: abin da ke kashe ƙarfe a irin wannan hali shi ne tazarar da ke tsakanin mafi girman matsi da mafi ƙanƙantarsa a kowane zuwa da komowa, kuma gwargwadon faɗin tazarar gwargwadon gajartar kwana.

Abin da nake nufi da matsi shi ne rabon nauyin da ya faɗo wa kowane murabba'in milimita na jikin ƙarfe, ja ne ko danna. Injiniya yakan raba nauyi da faɗin jikin ƙarfen ya sami adadi guda, kamar dai kowane ɓangare ya ɗauki rabo daidai da na ɗan'uwansa. Wannan kuwa gaskiya ne muddin jikin ƙarfen ya miƙe sumul babu huda babu kusurwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari ya ga yadda mai yadi ke yi in zai yanka wa mai saye: yakan ɗan ƙyasta bakin yadin da almakashi, sa'an nan ya ja da hannu biyu ya kece shi har ƙarshe, alhali da bai ƙyasta ba, da ya yi ta ja har hannunsa ya yi ciwo yadin bai motsa ba, domin ƙarfin da ya kamata ya watsu a kan zare dubu ya taru a kan zare ɗaya da ke ƙarshen ƙyastawar, in ya tsinke ya miƙa wa na gabansa. A 1898 Kirsch ya fitar da hisabin cewa huda mai da'ira a jikin faffaɗan farantin ƙarfe da ake ja tana ninka matsi sau 3 a bakinta, komai ƙanƙantarta. A 1913 kuma Inglis na Jami'ar Kambirij ya faɗaɗa hisabin zuwa huda mai siffar ƙwai, ya nuna cewa gwargwadon tsinin bakinta gwargwadon hauhawar ninkin, har in tsinin ya kai na tsaga ninkin ya wuce duk abin da ƙarfe zai jure. Wannan adadi, watau matsin wurin da abin ya taru a raba shi da matsin da aka lissafa a takarda, shi muke kira ninkin matsi, kuma kusan dukan abin da zan faɗa nan gaba a kansa yake zagaye.

To, me ya kawo bututu cikin magana? Tun daga 1947, sa'ad da kamfanin Kerr-McGee ya haƙa rijiya a tekun Luwiziyana a inda ba a hango gaɓa, cikin ruwan da zurfinsa kimanin mita 6 ne, har zuwa manyan gine-ginen Tekun Arewa da ke tsaye cikin ruwa fiye da mita 100, bututu shi ne zaɓin maƙera, kuma suna da hujja: raƙuman ruwa daga kowace jiha suka zo siffa ɗaya suke tararwa, ruwa na zame masa fiye da yadda yake zame wa ƙarfe mai kusurwa, yana da juriyar lanƙwasa da murɗa, in an toshe bakinsa yakan yi iyo a ja shi zuwa inda za a kafa, kuma ta cikinsa ake kora turakun da ke riƙe ginin a ƙasan teku. Duk wannan falala ce ta bututu shi kaɗai. Illar tana bayyana ne sa'ad da aka zo haɗa shi da wani, domin babban bututun, wanda za mu kira uwa, cikinsa fanko ne, ƙaramin kuwa, watau reshe, a kan siririn bangonta yake zama, ya dinga turawa yana ja ta fuskar da bangon ya fi rauni. Bangon ya lotsa, da'irar uwa ta koma siffar ƙwai, matsi ya guje wa wuri mai laushi ya taru a wuri mai tauri. Guguwar Hilda a 1964 da ta Betsy a 1965 sun lalata dandamali da dama a tekun Meziko, aka ga da ido cewa mahaɗa ce maƙwantar rauni, har Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta fitar da bugun farko na kundin ƙa'idojinta na dandamali, RP 2A, a 1969.

Masana sun kasa mahaɗu bisa kamanninsu da haruffan boko: T, inda reshe ya sauka a tsaye, Y, inda ya sauka a karkace, X, inda rassa biyu suka fuskanci juna ta gefe da gefe, K, inda rassa biyu suka sauka a gefe ɗaya, wannan na turawa wancan na ja. A nan akwai wani lungu da ɗalibai ke yawan tuntuɓe a cikinsa, shi ne cewa hukuncin mahaɗa ba ga zahirin siffarta yake ba, ga hanyar da nauyi ya bi yake. Mahaɗar K tana da sauƙin ninki ne saboda abin da reshe ɗaya ya kawo ɗayan yake karɓa nan take, bangon uwa bai sha wahala sosai ba; idan kuwa aka sami yanayin da rassan biyu suka tura tare, to sunanta K a takardar zane, amma aikinta na Y ne, da hisabin Y za a auna ta. Kuma ko a mahaɗa guda ninkin ba ɗaya ba ne a kewayen walda: akwai doro, inda reshe ya haɗu da tsawon uwa, akwai kuma sirdi, watau gefe biyun da waldar ta gangaro, kuma nauyin da ke bin tsawon reshe galibi a sirdi yake taruwa, lanƙwasar da ke bin tsawon uwa kuwa a doro. Shi ya sa ake duba wurare 8 a kewayen kowace walda, ta ɓangaren uwa da ta ɓangaren reshe.

An sha wahala kafin a sami hanyar ƙiyasta wannan ninki. Wasu sun ƙera mahaɗu na ƙarfe sun manna musu ƙananan ma'aunai, wasu sun yi na roba mai garai-garai domin arha, wasu sun rarraba siffar gutsure-gutsure a kwamfuta. Daga nan aka sami ƙa'idojin Kuang da abokansa a 1975, na Wordsworth da Smedley a 1978, da na Efthymiou a 1988, na ƙarshen nan kuwa su ne kundaye suka fi dogara da su yanzu. Abin da ake aunawa shi ne matsin da siffar mahaɗa ta haifar: a auna a wurare biyu kaɗan nesa da leɓen walda, a ja layi zuwa leɓen, abin da aka samu a can shi ne matsin matattara.

Bari in ba ku misali da adadi, domin a nan ne naman maganar yake. Ku ɗauki mahaɗar T, uwa mai faɗin milimita 1000 da kaurin bango 25, reshe mai faɗin 500 shi ma kaurinsa 25, nauyi na bin tsawon reshen. Ƙa'idar Efthymiou za ta ba ku ninki kimanin 22 a sirdin uwa. Ma'ana, matsin da injiniya ya lissafa 10 a jikin reshe, ya ce wannan ai ba komai ba ne, a leɓen walda 220 ne. Yanzu ku bar komai yadda yake, ku yanke ɗan guntun uwa da ke ƙarƙashin reshe kaɗai ku sa mai kauri 50: ninkin ya faɗo zuwa kimanin 5. Tajribar da aka yi a kan ɗaruruwan walda ta nuna cewa kwanan mahaɗa yana raguwa ne bisa tazarar matsi a buga ta a kanta sau uku, watau in tazara ta ninka biyu kwana ya ragu sau 8; saboda haka wannan ɗan guntu, wanda bai fi mita biyu ko uku ba a cikin ginin da ya ci dubban tan na ƙarfe, ya tsawaita kwanan wurin kusan sau 80 a takarda. Sai dai akwai haraji: an tabbatar cewa a ƙarƙashin matsi iri ɗaya ƙarfe mai kauri ya fi siriri saurin gajiya, kundaye kuma suna rage masa daraja saboda haka, amma ko bayan an cire wannan, ribar ta haura ninki 40 a ɓangaren uwa, sai a koma a duba ɓangaren reshe, domin sau da yawa can raunin ke ƙaura. Da wannan niyya ake sa zobba a cikin uwa, ko a cika ta da siminti, ko a zuba mahaɗar gaba ɗaya a maƙera yadda waldar za ta koma nesa da kusurwa.

Wani zai ce, me zai hana a sayi ƙarfe mafi daraja a huta? Wannan shubuha ce mai kyan fuska, kuma ta ci kuɗin mutane da yawa. A ƙarfen da aka goge sumul, mafi yawan kwanansa yana tafiya ne wajen haifar da tsaga, kuma a nan ƙarfe mai daraja yana da fifiko. Amma walda, ko ta gwanin gwanaye ce, tana barin ƙananan aibobi a leɓenta, ɓurɓushin ƙashin walda da 'yan ramuka waɗanda zurfinsu bai kai rabin milimita ba; tana kuma barin ja a cikin ƙarfen, sakamakon sanyin da ya yi bayan narkewa, wanda yakan kusa kai iyakar abin da ƙarfen ke jurewa. Tsagar, in mun faɗi gaskiya, tare da mahaɗar aka haife ta, abin da ya rage girma ne kawai. Saurin girman tsaga kuwa kusan ɗaya ne a ƙarfen gini mai tsada da mai arha. Mafi muni, wanda ya sayi mai tsadar yakan rage kauri don ya mai da kuɗinsa, matsi ya hau, kwana ya ragu bisa hawan matsin a buga shi a kansa sau uku. Abin da ke da amfani na haƙiƙa shi ne a bi leɓen da injin gurza a tono aibin har kimanin rabin milimita ƙasa da inda ido ya daina ganinsa, wanda ke ninka kwana kamar sau 2, ko a daddaka leɓen da guduma ta musamman don a mai da jan ya koma danna. Ni dai ra'ayina, bai kamata mai zane ya ci wannan riba tun a takarda ba. A ajiye ta ihtiyaɗi, don ranar da aka gano an yi kuskure a wani wuri.

Sa'an nan sai ƙidayar raƙuman ruwa. In mun ɗauka kowane daƙiƙa 6 ɗaya ke wucewa, a shekara an sami fiye da miliyan 5, a shekara 20 an haura miliyan 100, manya da ƙanana a gauraye. Hanyar da ake haɗa su ita ce wadda Palmgren ya kawo a 1924, Miner ya yaɗa ta a 1945: kowane rukunin raƙumai yana cin wani kaso na kwanan mahaɗa, a tara kason, in ya cika ɗaya an kai ajali. Ƙiyasi ne mai rauni, domin bai damu da wanda ya riga wani zuwa ba, amma babu wanda ya fi shi sauƙin aiki. Abin mamaki da hisabin ke nunawa shi ne mafi yawan ɓarnar daga matsakaitan raƙumai take zuwa, waɗanda ba wanda ke tsoronsu, saboda yawansu. Ruwan gishiri kuma yana da nasa rabo: ƙarfen da aka bari tsatsa na ci kwanansa yakan ragu kamar sau 3, don haka ake rataya masa sandunan alminiyum su ci tsatsar a madadinsa. Da yake kuma mahaɗu biyu masu kama ɗaya suna iya bambanta nesa ba kusa ba a wurin gwaji, layin da ake zane da shi an sauko da shi ƙasa yadda kusan 98 cikin 100 za su wuce shi, sa'an nan a ƙara wani ninkin tsaro, wanda ke kai 10 ga mahaɗar da ba a iya zuwa dubawa kuma karyewarta halaka ce.

Duk wannan da na lissafa, akwai ranar da aka biya kuɗin koyonsa da rayuka. Da yammacin 27 ga Maris 1980, a filin mai na Ekofisk da ke ɓangaren Norwe na Tekun Arewa, dandamalin Alexander L. Kielland, mai iyo a kan ƙafafu 5, wanda aka ƙera a Faransa aka miƙa a 1976 kuma ake amfani da shi masaukin ma'aikata, yana ɗauke da mutum 212 cikin iska da ruwa, sai aka ji ƙara, ƙafa guda ta ɓalle, ginin ya karkata, cikin kimanin minti 20 ya kife. Mutum 123 suka rasu. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 1981 ya bi sawun al'amarin har zuwa reshe guda da ake kira D-6, bututu mai faɗin mita 2.6, wanda aka huda jikinsa aka soka wani ɗan guntun bututu mai faɗin milimita 325 domin ya riƙe na'urar sauraren sauti a ruwa, aka kama shi da 'yar walda ta milimita 6. Wannan guntu ba ya ɗaukar nauyin gini, saboda haka ba wanda ya ɗauki waldarsa da muhimmanci. Alhali kuwa huda ce a jikin ƙarfen da ake ja, irin wadda Kirsch ya yi wa hisabi shekara 82 kafin wannan rana, kuma abin da ya kamata ya ƙarfafa bakin hudar bai kamu da kyau ba. Masu bincike sun tarar da fenti a cikin tsagar, shaida ke nan cewa tun a ma'aikata ta buɗe, aka shafe ta aka sallame ta; ta yi ta ci shekara da shekara har ta zagaye mafi yawan kewayen reshen, da ya tsinke kuwa, sauran rassa 5 da ke riƙe ƙafar suka karɓi nauyin da ba a yi su dominsa ba, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. An kuma tabbatar ba a yi wa wannan reshe hisabin gajiya ba a lokacin zane.

Hukunci biyu suka fito daga wannan musiba, kuma na biyun a ganina ya fi nauyi. Na farko, duk abin da aka manna wa ƙarfe mai ɗaukar nauyi da walda, ko maratayin waya ne, ko matakala, ko ɗan kunnen da aka sa don ɗaga kaya aka manta ba a cire ba, ya shiga hisabi, domin matsin da ke bin jikin reshe bai san niyyar wanda ya manna ba. Na biyu, hukumomin Norwe suka shar'anta cewa lalle gini ya iya tsayuwa ko da ya rasa reshe guda, har a sami lokacin kwashe mutane. Wannan sharaɗi iƙirari ne cewa hisabin gajiya zanni ne mai ƙarfi, bai kai matsayin yaƙini ba, kuma mai hankali ba ya rataya ran mutum 200 a kan zanni komai ƙarfinsa.

Ƙasarmu tana da rabo a cikin wannan bahasi, domin tun 1965, sa'ad da filin Okan ya fara ba da mai, ake kafa irin waɗannan gine-gine a tekun Neja Delta, kuma da yawansu sun wuce shekarun da aka zana su domin su. Tekun namu ba shi da guguwa irin ta Meziko, amma yana da dogayen raƙumai masu tasowa daga kudancin Atilantika, suna zuwa kusan ta fuska ɗaya ba fashi, ma'ana mahaɗun nan dai su ke shan bugu kullum. Halittun ruwa kuma suna manne wa bututu su ƙara masa kauri, ruwa ya sami abin turawa. Tsawaita aikin irin wannan gini ya rataya ne a kan duba. Masu nutso sukan kankare walda su sa mata maganaɗisu su yayyafa garin ƙarfe, garin ya jeru a kan tsaga ya tona ta; akwai kuma na'urorin da ke gano ta da wutar lantarki ba sai an cire fenti ba; mafi arha shi ne a bincika ko ruwa ya shiga cikin reshen da aka toshe, domin shigarsa dalili ne cewa tsaga ta huda bango. Wannan hanya ta ƙarshe a makare take ba da labari, saboda haka ba ta halatta sai ga ginin da aka tabbatar zai jure rashin wannan reshe; inda ba haka ba, sai a lissafa tsawon lokacin da tsaga ke ɗauka daga girman da na'ura ke iya gani zuwa hudawa, ta hanyar ƙa'idar girman tsaga da Paris ya kawo a farkon shekarun 1960, a tsara zuwan masu duba yadda za su sami dama fiye da ɗaya a cikin wannan tsakani.

Shugaban wannan zama ya yi mini ishara lokaci ya yi, mas'alar mahaɗun da rassansu suka hau juna kuwa sai a wurin tambayoyi.